Reiwa 7 ko 2025? Yadda Japanawa ke faɗin lokaci da kwanan wata

Wanda ya karɓi takarda daga wata makaranta ko ofishin hukuma a Japan, ya ga an rubuta 7.4.1 a gurbin kwanan wata, zai iya ɗauka 7 ga Afrilu ake nufi. Ba haka ba ne. A wurin wanda ya rubuta, 1 ga Afrilu ce, lambar 7 kuwa shekara ce, shekara ta bakwai a zamanin Reiwa, zamanin sarautar Sarki Naruhito, wato 2025. In kuma takardar tsohuwa ce, wannan 7 ɗin tana iya zama ta zamanin Heisei, na sarkin da ya gabace shi, wato 1995. Tun da aka sauya zamani a watan Mayun 2019 ruɗanin ya ƙaru, domin takardun zamani biyu suna yawo tare, har su kansu 'yan ƙasar sai sun tsaya sun yi lissafi da yatsa.

Asalin wahalar shi ne, Japan ta karɓi hanyoyin ƙidaya har kashi uku a tarihinta: nata na gida, wanda ta aro daga Sin, da wanda ta ɗauko daga Turai a ƙarni na 19. Duk lokacin da sabo ya zo, ba ta yar da tsohon ba, sai ta ɗora shi a kai. Shi ya sa a cikin jimla ɗaya za a ji shekara da sunan zamanin sarki, wata da lambar Sinanci, rana da tsohuwar lambar gida, sa'a kuma bisa agogon Turawa.

Wajen rubuta kalmomin Japananci a nan, ban da sunaye irin su Tokyo da Showa, an ninka wasali in dogo ne, domin tsawonsa na canja ma'ana.

## Mene ne gengoo

Gengoo shi ne sunan da ake raɗa wa zamani, a riƙa ƙidaya shekaru daga farkonsa. Al'adar daga Sin ta fito, Japan kuma ta fara da zamanin Taika a shekarar 645. Reiwa shi ne na 248. A da, sarki ɗaya kan sauya sunan zamani sau da yawa, in an yi girgizar ƙasa, ko annoba, ko gobara, ko kuma an ga wata alamar alheri. A 1868 aka tsai da ƙa'idar da ake bi har yau: sarki ɗaya, zamani ɗaya. Daga nan aka yi Meiji, sai Taisho a 1912, Showa a 1926, Heisei a 1989, sai Reiwa a 2019.

Abin da ke rikita baƙo shi ne, zamani yana farawa ne ranar da sabon sarki ya hau, ko washegarinta, ba ranar 1 ga Janairu ba. Sarki Hirohito ya rasu 7 ga Janairun 1989, saboda haka shekarar Showa ta 64 kwana bakwai kacal ta yi, Heisei ya fara 8 ga watan. Haka 2019 ta rabu gida biyu. Daga Janairu zuwa 30 ga Afrilu, ranar da Sarki Akihito ya yi murabus, Heisei 31 ce. Daga 1 ga Mayu, da ɗansa Naruhito ya hau, sai ta koma shekarar farko ta Reiwa. Ba a kuma ce mata "shekara ta ɗaya", tana da suna nata, gannen. Da aka shiga Janairun 2020 sai ta zama Reiwa 2, duk da cewa wata takwas kawai sarkin ya yi a kan gado.

Lissafin komawa miladiyya ba shi da wuya in an riƙe lambobi uku. A ƙara 2018 a kan shekarar Reiwa, 1988 a kan ta Heisei, 1925 a kan ta Showa. A fom na hukuma akan taƙaita sunayen da harufan boko, M, T, S, H, R, mai cikewa ya zagaye nasa. Wanda aka haifa a 1990, H2 ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tafiya da kalanda biyu, tunda yana rubuta miladiyya a ofis, yana bin hijira wajen azumi da salla. Ba baƙo ba ne kuma ga dattijon da zai ce an haife shi a zamanin sarki wane. Bambancin shi ne, a Japan wannan maganar dattijon ce ta shiga takardar haihuwa, da hukuncin kotu, da jikin tsabar kuɗi.

## Watan da aka haɗiye a 1872

Kafin 1873 Japan na bin kalandar wata wadda ake daidaita ta da rana. Wata na kamawa da sabon jinjiri, amma don kada damina da hunturu su riƙa zagaye shekara, bayan kusan shekara uku akan ƙara wata na 13. A ranar 9 ga wata na 11 na shekarar Meiji 5, gwamnati ta sanar cewa ranar 3 ga wata na 12 za ta zama 1 ga Janairun 1873. Ko wata guda ba a bai wa mutane ba su shirya. Masu buga kalanda da suka riga suka fitar da ta shekara mai zuwa sun tafka asara, watan ƙarshe na shekarar kuwa kwana biyu ya yi ya ƙare.

Dalilin da aka faɗa a fili shi ne dacewa da ƙasashen Yamma wajen ciniki da hulɗar jakadanci. Akwai na biyu wanda masana tarihi suka daɗe suna ambata, kuma yana da ƙarfi. Sabuwar gwamnatin Meiji ta koma biyan ma'aikata albashi wata wata, baitulmali kuma babu kuɗi, ga shi shekara mai zuwa mai wata 13 ce a tsohon lissafi. Sauya kalanda ya kawar da wannan ƙarin watan, ya kuma ba da hujjar ƙin biyan albashin watan da ya yi kwana biyu. Albashin wata biyu ke nan aka tsira da shi da sanarwa guda.

Gaggawar nan ta bar tabo har yau. Sin da Koriya sun riƙe sabuwar shekararsu ta wata, Japan kuwa ta kwashe bukukuwanta ta ɗora a kan lambobin sabuwar kalanda, sai suka riƙa zuwa kafin lokacinsu. Mutanen karkara suka nemo mafita, suka jinkirta wasu da wata guda. Shi ya sa Obon, lokacin ziyarar kaburburan iyaye, ake yinsa a tsakiyar Agusta a mafi yawan ƙasar, a wasu sassan Tokyo a Yuli, a Okinawa kuma har yanzu bisa tsohuwar kalandar wata.

## Kwanakin wata: inda ɗalibi ke tuntuɓe

Tsarin rubutu daga babba ne zuwa ƙarami: shekara 年, wata 月, rana 日. Ranar hawan Sarki Naruhito ana rubuta ta 2019年5月1日. Wanda ya gane waɗannan harufa uku ya iya karanta kwanan wata ko bai san kalma ɗaya ta harshen ba. Faɗa da baki ne aiki.

Japananci na da jerin lambobi biyu. Na aro daga Sinanci shi ne ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi, kyuu, juu. Na gida shi ne hitotsu, futatsu, mittsu, yottsu, har zuwa too, goma. Watanni na bin na farko ba tare da wani suna ba: ichigatsu wata na ɗaya, nigatsu na biyu, har juunigatsu, Disamba. Uku kawai ake kiyayewa, Afrilu shigatsu, Yuli shichigatsu, Satumba kugatsu.

Ranakun wata kuwa, daga 2 zuwa 10, tsohon jerin gida suke bi: futsuka, mikka, yokka, itsuka, muika, nanoka, yooka, kokonoka, tooka. Daga 11 sai a koma lambar Sinanci a ƙara nichi, a ce juuichinichi, juuninichi. Amma tsohon jerin bai saki gaba ɗaya ba. Ranar 14 juuyokka ce, ta 24 nijuuyokka, ta 20 kuma hatsuka, kalmar da ba ta yi kama da ko ɗaya cikin lambobin da ɗalibi ya haddace ba.

Ranar 1 ga wata ita ce mafi ban sha'awa, domin sunanta ba lamba ba ce sam. Ana ce mata tsuitachi, daga tsuki tachi, ma'ana wata ya tashi tsaye. Kusan abin da Bahaushe ke nufi ke nan in ya ce wata ya tsaya. Yau fiye da shekara 150 da rabuwar kalandar Japan da jinjirin wata, amma duk ranar 1 ga wata bakin mutane na ambatonsa. A kula, harufan da ake rubuta tsuitachi da su, su ne kuma ake karantawa ichinichi in ana nufin tsawon yini guda. Haka ranar ƙarshe ta shekara ake ce mata oomisoka, daga misoka, rana ta talatin, ko da yake Disamba na kai 31.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsakanin yokka, 4 ga wata, da yooka, 8 ga wata. Ɗaya baƙinta ninke ne, ɗaya wasalinta dogo. Kunnen da ya saba raba baba da babba ba zai sha wahala a nan kamar na Bature ba. Duk da haka, su kansu Japanawa kan sake tambaya a waya, wani ya ce hachi, takwas, don a tabbatar. Haka sukan ce nanagatsu maimakon shichigatsu don kada a ji kamar ichigatsu, a ɗauki Yuli a matsayin Janairu.

Ana yawan cewa ana guje wa kalmar shi, wato huɗu, ne saboda sautinta ɗaya da kalmar mutuwa, kalmar ku, wato tara, kuma da kalmar wahala. Akwai gaskiya a ciki, ita ce ta sa yon, wata kalmar ta huɗu, ta mamaye wurare da dama. Amma bayanin bai isa ba, tunda ga shigatsu da kugatsu nan kowa na faɗa ba tare da ɗar ba. Abin da ya fi amfani ga mai koyo shi ne ya haddace kowace kalma yadda take, kada ya nemi ƙa'ida ɗaya da za ta rufe duka.

Ranakun mako ba su da wannan rikici. Dukansu na ƙarewa da yoobi, farkonsu kuma rana, wata, wuta, ruwa, itace, zinariya, ƙasa: nichiyoobi Lahadi, getsuyoobi Litinin, kayoobi Talata, suiyoobi Laraba, mokuyoobi Alhamis, kin'yoobi Juma'a, doyoobi Asabar. Biyar na ƙarshe sunayen taurari biyar ne da ake gani da ido. A takarda harafin farko kawai ake sawa cikin baka bayan kwanan wata, kamar 金 ga Juma'a.

## Ƙarfe nawa

Tambayar ita ce ima nanji desu ka, yanzu ƙarfe nawa. Amsa lamba ce a ƙara ji: ichiji, niji, sanji. Uku ne suka kauce, ƙarfe huɗu yoji, bakwai shichiji, tara kuji. Minti fun ne, amma bayan wasu lambobi sai ya koma pun: ippun, nifun, sanpun, yonpun, gofun, roppun, nanafun, happun, kyuufun, juppun. Rabi han ne, don haka uku da rabi sanji han. Saura minti biyar gofun mae. Babu wata kalma ta yau da kullum mai daidai da kwata, minti 15 kawai ake cewa. In kuma tsawon lokaci ake nufi, sai a ce jikan: sanji ƙarfe uku, sanjikan awa uku.

Kalmomin safe da yamma, gozen da gogo, sun fito ne daga tsohon lissafi. An raba yini da dare gida 12, kowane gida da sunan dabba, na tsakar rana shi ne na doki, wanda harafinsa ake karantawa go. Gozen kafin doki ke nan, gogo bayan doki, tsakar rana cif kuma shoogo.

A zamanin Edo, kafin Meiji, daga ketowar alfijir zuwa almuru kashi shida ne, dare ma shida, saboda haka sa'ar rana ta bazara ta fi ta hunturu tsawo. Wanda ya san yadda asuba da magariba ke matsawa da yanayi zai gane wannan nan take. Ƙararrawar gari ce ke sanar da lokaci, kuma ƙidayarta baya take yi: bugu tara a tsakar dare da tsakar rana, sai takwas, bakwai, shida, biyar, huɗu, a sake komawa tara. Bugu shida shi ne wayewar gari da almuru. Maƙeran agogo na lokacin har sun ƙera agogon da ake daidaitawa da tsawon rana. Dokar 1872 da ta sauya kalanda ita ce kuma ta kawo awa 24 masu tsawo ɗaya. Abin da ya rage na tsohon tsarin yana bakin yara: ɗan abin taɓawa da ake ci da rana ana ce masa oyatsu, daga yatsu, bugu takwas, wajen ƙarfe biyu zuwa uku na rana.

Ƙarfe 12 na da nata rikicin. Bisa tsohuwar dokar, tsakar rana gozen 12 ce, wato ƙarshen safiya, alhali agogon waya na nuna ta a ɓangaren yamma. Shi ya sa kafafen labarai da hukumomi da dama suka fi son gogo 0 ga tsakar rana, gozen 0 ga tsakar dare. Jiragen ƙasa kuwa lissafin awa 24 suke bi.

Akwai kuma abin da ba a cika gani a wata ƙasa ba. Gidan abinci zai rubuta yana rufewa 25:00, gidan talabijin ya sa shiri 26:30 ranar Juma'a. Ƙarfe ɗaya na dare ake nufi, da biyu da rabi na daren da zai waye Asabar. Hikimar ita ce, wanda bai kwanta ba, a wurinsa Juma'a ba ta ƙare ba, kuma rubuta "Asabar 2:30" na iya sa ya jira daren da ba shi ba.

Ƙasar duka lokaci ɗaya take bi, wanda aka ɗora a kan layin da ya ratsa garin Akashi, aka fara aiki da shi a 1888. Ba a matsar da agogo da bazara. Japan na gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, Ghana da awa tara. Ganawar intanet da aka sa ƙarfe tara na safiyar Litinin a Tokyo, ƙarfe ɗaya na daren da zai waye Litinin ce a Kano ko Damagaram, kuma a nan ne mutane kan yi kuskuren rana, ba na sa'a kawai ba.

## Masu goyon baya da masu suka

Bayan yaƙin duniya na biyu, an soke tsohuwar dokar gidan sarauta wadda ta tanadi gengoo, sai Showa ya ci gaba a matsayin al'ada, ba tare da doka a bayansa ba. A 1950 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta ba da shawarar a koma miladiyya kacokan. Ba a yi ba. Da Sarki Hirohito ya tsufa, masu ra'ayin riƙau suka ga in ya rasu babu doka, tsarin zai iya mutuwa tare da shi, suka matsa har aka yi dokar 1979. Gajeriya ce ƙwarai: majalisar ministoci ce ke tsai da suna, kuma ba a sauya shi sai an yi sabon sarki. Ba ta tilasta wa kowane ɗan ƙasa amfani da shi ba.

Masu goyon baya na cewa Japan ce kaɗai ta rage da wannan al'ada mai shekara fiye da 1,300, kuma sunan zamani na ɗauke da abin da lamba ba ta ɗauka. In an ce mutum ɗan Showa ne, an faɗi irin tarbiyyarsa da waƙoƙin da ya taso da su. Masu suka, ciki har da jam'iyyun gurguzu da wasu ƙungiyoyin Kirista da suka yi adawa da dokar 1979, na ganin auna lokacin jama'a da rayuwar sarki bai dace da tsarin mulkin da ya ce iko na jama'a ne ba. Akwai kashi na uku da ba ruwansu da aƙida, kukansu na aiki ne: mutum ba zai iya faɗin shekarun wanda aka haifa a Showa 58 ba sai ya yi lissafi hawa biyu.

Sauyin 2019 ya fito da wannan jayayya fili. Kamfanoni da masu kula da kwamfutocin bankuna da hukumomi sun so a faɗi sabon suna da wuri. Masu ra'ayin riƙau sun ce bai kamata a san sunan zamanin gaba ba alhali sarki na kan gado. Aka tsaya a wata guda, Yoshihide Suga, sakataren majalisar ministoci a lokacin, ya ɗaga allon sunan ranar 1 ga Afrilu. A karon farko an ciro sunan daga littafin Japan, tsohon kundin waƙoƙi na Man'yoshu, maimakon littattafan Sin. Gwamnati ta fassara shi da kyakkyawar jituwa, wasu kuma suka nuna cewa harafin rei, na farkon sunan, a yau an fi saninsa da ma'anar umarni.

A aikace ba wanda ya yi rinjaye. Fasfo miladiyya yake ɗauka, takardun kotu da na ƙananan hukumomi gengoo. Yawancin manyan jaridu na sa miladiyya a gaba, gengoo a cikin baka. Lasisin tuƙi na yanzu na nuna ranar ƙarewarsa da duka biyun.

## Abin da ke shafar mutum a takarda

Lasisi da kwangilolin da aka rubuta kafin 2019 wasu na ɗauke da shekarun da ba su taɓa zuwa ba, kamar Heisei 33. Ba su lalace ba, a cire 30 a samu Reiwa 3, wato 2021. Mai sayen tsohuwar mota ko inji daga Japan zai ga shekarar rajista da irin wannan rubutu, kuma H25 ba 2025 ba ce, 2013 ce. A jikin kayan abinci ma shekara ce ke zuwa farko, don haka 26.03.05 na nufin 5 ga Maris 2026.

Ɗalibi mai neman gurbi ko tallafin karatu ya kiyaye kalmomi biyu. Made na nufin har zuwa lokaci kaza, made ni kuma kafin lokacin ya wuce, ita ce kalmar wa'adi. In aka ce sakamako zai fito a joojun, chuujun ko gejun, goman farko, goman tsakiya ko goman ƙarshe na wata ake nufi.

Sai kuma nendo, shekarar aiki, wadda ke farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Kasafin kuɗin gwamnati, shekarar makaranta, da ɗaukar sababbin ma'aikata duk ita suke bi. Fabrairun 2026 na cikin shekarar Reiwa 8, amma a nendo yana cikin Reiwa 7. Takardar da ta ce shekara kaza da wadda ta ce nendo kaza na iya bambanta da wata uku, kuma harafi ɗaya ne ya raba su.

Iyaye masu yara a makarantun Japan kan gamu da wata ƙa'ida da ta fito daga nan. A dokar ƙasar, shekarar mutum na cika ne a ƙarshen ranar da ke gaban ranar haihuwarsa. Yaron da aka haifa 1 ga Afrilu ya cika shekara shida tun daren 31 ga Maris, saboda haka zai shiga aji ɗaya tare da 'yan shekarar da ta gabata, ya zama ƙaramin ajinsu. Wanda aka haifa washegari, 2 ga Afrilu, sai ya jira shekara guda.